Yoyon Ɗakin Haya

Ruwan Agusta bai yi sallama ba.
Ta gindin ƙusa mai tsatsa ya shigo,
ɗis, ɗis, cikin akwatin Barira
inda na ɓoye fasfo tsakanin atamfofi.
Da safe na buɗe, fuskata ta narke,
ido guda ya gangaro kan haɓa,
sunana ya koma shuni.

Tun bara na ce wa Alhaji Ɗayyabu kwanon nan ya huje.
Ya ce bayan kaka.
Kaka ta zo ta wuce,
kuɗin haya kaɗai aka taɓa.

Ofishin shige da fice na isa
tun masu ƙosai ba su ɗora kasko ba.
Jami'ar ta ɗaga shi da yatsu biyu
kamar ta tsinci mushen ɓera.
"Wa ya aike ka ka jiƙa shi?"
Na ce, ruwa ne, ranki ya daɗe.
Ta ce babu gurbin ruwa a fom.

Je ka kotu ka rantse. Na rantse.
Je ka caji ofis su rubuta.
Suka ce biro ya ƙafe,
na gane irin tawadar da ake nufi.
Kawo shaidar ƙaramar hukuma.
Na hau mota sai Daura, inda aka binne cibiyata,
sakatare ya tafi ta'aziyya da hatimi a aljihu.
Kwana biyu na yi a shagon ƙanena,
ina ƙirga buhunan gishiri don barci ya zo.

Na dawo Katsina, aka ce saura abu ɗaya,
shaidar inda kake kwana.
Na miƙa takardar wuta.
"Wannan ai ba sunanka ba ne."
Gaskiya ne. Sunan uban mai gida ne,
Allah ya ji ƙansa.
Shekara tara ina biya wa mamaci lantarki,
shi hukuma ta sani a Rafin Daɗi,
ni baƙo ne a ɗakin da na haifi 'ya'ya uku.

To, mai gida ya rubuto wasiƙa.
Ka ji fa!
Mai rufin da ya cinye fasfona
shi zai shaida ina da rufi.
Yana Abuja, wayarsa na ringi ba ɗauka.
Dillalinsa, Maikuɗi, ya sosa ƙeya:
"Sa hannu ba wuya, Malam Sada,
amma ka san akwai cikon bara."
Na sayar da keken ɗinki ɗaya cikin biyu.

Ranar ɗaukar hoto na sa farar shadda.
Sabis ya ɗauke.
Da sabis ya dawo, janareta ba mai.
Dawo Talata. Talata ta haifi Alhamis,
Alhamis ta ce oga na taro.
Bencin nan ya san ni,
mai gadi har tambayar jikin Barira yake.

Ban gaya masu dalili ba, ba su tambaya ba.
Suwaiba ce, ɗiyata, a Alƙahira,
shekara shida tana karatun likita.
Ta ce, Baba, kujera ɗaya aka ba ni, taka ce.

Ranar yayen a waya na gani.
Muka haɗa kai ni da uwarta a bakin gado,
hoton na tsinkewa, yana dawowa.
Aka kira sunanta, da nawa a ƙarshensa,
daidai, ba wanda ya nemi takarda.
A bayanmu roba na cika, ɗis, ɗis.

Fasfo ya fito bayan sati uku,
sabo fil, fuskata garau, ta ɗan tsufa.
Na naɗe shi a leda, na sa a gwangwanin madara,
na rufe, na ɗaure da kyauro... a'a, da igiyar zariya.

Jiya da magariba Maikuɗi ya yi sallama,
shi ma da tasa takardar.
An sayar da gidan.
Wata uku aka ba mu.
Na tambaye shi, sabon mai gidan zai gyara kwanon?
Ya ce bayan kaka.